Jami'a Ko Kotu? Muhawara Kan Ƙa'idojin Hana Cin Zarafi a Jami'o'in Amurka

Mu ƙaddara muna ofishin wata ma'aikaciya a ɗaya daga cikin jami'o'in Amurka, a tsakiyar watan Satumba na 2024. Aikinta shi ne karɓar koken duk ɗalibin da aka ci zarafinsa ta hanyar lalata, ko aka nuna masa wariya saboda jinsinsa. Sai ga ɗaliba ta shigo, ta ɗosana a bakin kujera tana murza igiyar jakarta, ta kasa ɗaga kai. Kafin ma'aikaciyar ta ce mata "me ya faru?", dole ta fara da "yaushe abin ya faru?" Dalili kuwa, kundaye biyu ne a kan teburinta. Idan a watan Yuli abin ya auku, kundin ƙa'idojin 2020 za ta buɗe. Idan daga 1 ga Agusta ne zuwa sama, na 2024. Shi ma na 2024 ɗin, sai ta tabbatar jiharsu ba ta cikin jihohi 26 da kotuna suka dakatar da shi, kuma sunan jami'arsu bai fito a dogon jerin makarantun da wata kotu a Kansas ta tsame ba. Wata huɗu bayan nan, ranar 9 ga Janairu, 2025, wani alƙalin kotun tarayya a Kentucky, Danny Reeves, ya soke kundin 2024 ɗungurungum a faɗin ƙasar. Aka koma gidan jiya.

Ita ɗalibar ba ta san da wannan ba, kuma ba shi ya kawo ta ba. Shi ma saurayin da za a aika wa takardar gayyata gobe bai sani ba. Amma makomarsu su biyun tana rataye da kundin da aka buɗe: ko za su zauna zaman shari'a a yi musu tambayoyin titsiye, ko mutum ɗaya ne zai saurare su ɗaya bayan ɗaya ya yanke hukunci. A kan wannan ne Amurkawa suka rabu gida biyu fiye da shekara goma, kuma kowane gida yana da hujjar da ta cancanci a saurare ta da kunnen basira.

Tushen maganar

Dokar da ake ja-in-ja a kanta, ginshiƙinta jimla ɗaya ce mai kalmomi 37 a Turance. Ita ce babi na tara na dokar gyaran harkar ilimi da Shugaba Richard Nixon ya sanya wa hannu ranar 23 ga Yuni, 1972, wadda Amurkawa ke kira Title IX. 'Yan majalisa Patsy Mink da Edith Green da Sanata Birch Bayh ne suka yi tsayuwar daka a kanta. Abin da ta ƙunsa shi ne, duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon nuna wa wani bambanci saboda jinsinsa. Da wuya ka sami jami'ar da ba ta taɓa kuɗin nan, ko ta tallafin bincike ko ta rancen karatun ɗalibai, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Dokar ba ta ambaci fyaɗe ko neman lalata ba. Kotuna ne suka shigo da su sannu a hankali. A 1992 Kotun Ƙoli ta ce ɗalibar da malaminta ya ci zarafinta tana iya neman diyya daga hukumar makaranta. A 1999, a shari'ar wata yarinya 'yar aji biyar a jihar Georgia da ɗan ajinsu ya addabe ta wata da watanni, kotun ta ce ana iya kama makaranta da laifin abin da ɗalibi ya yi wa ɗalibi. Sai dai ta gindaya sharaɗi: sai hukumar ta san da abin ta yi kunnen uwar shegu, kuma cin zarafin ya yi tsanani, ya yawaita, ya munana har ya tare wa yaro hanyar karatu.

Daga nan kowace gwamnati ta riƙa ɗinka wa dokar rigar da take so. A Afrilun 2011 gwamnatin Obama ta aika wa makarantu wasiƙa tana umartar su da su gaggauta binciken koke, su kuma yanke hukunci da rinjayen hujja kawai, wato a bi ɓangaren da hujjarsa ta fi nauyi ko da kaɗan ne. A Satumban 2017 ministar ilimi ta Trump, Betsy DeVos, ta janye wasiƙar, sannan a Mayun 2020 ta fitar da ƙa'idojin da suka mayar da binciken jami'a kusan kamar zaman kotu. A Afrilun 2024 gwamnatin Biden ta fitar da nata, waɗanda suka sassauta zaman suka kuma faɗaɗa ma'anar wariyar jinsi. Su ne kotun Kentucky ta rushe. Mu ɗauki waɗannan na 2024 a matsayin abin muhawara, mu ji ta bakin masu goyon bayansu da masu adawa da su, gaɓa-gaɓa.

Mene ne cin zarafi? Abin da masu goyon baya ke cewa

Ƙungiyoyin kare haƙƙin mata, irin su National Women's Law Center da Know Your IX, suna farawa ne da girman matsalar. A binciken da ƙungiyar manyan jami'o'in Amurka ta gudanar a makarantu 33 a 2019, wanda ɗalibai sama da 180,000 suka amsa, kusan mace ɗaya cikin huɗu masu karatun digirin farko ta ce an taɓa ta ta hanyar lalata da ƙarfi ko a halin da ba ta iya bayar da yardarta. Mafi yawansu ba su kai ƙara ko'ina ba. Suka ce a irin wannan yanayi, ƙunƙunta ƙofar koke zalunci ne a kan zalunci.

Ƙa'idojin 2020 sun ce sai tsangwama ta yi tsanani kuma ta yawaita kafin ta shiga lissafi. Na 2024 suka ce ko ɗaya daga cikin biyun ya isa. Wannan ɗan bambanci na "da" da "ko" shi ke raba ɗalibar da za a saurara da wadda za a ce mata ta je ta dawo idan abin ya ƙara muni. Haka kuma na 2020 sun cire hannun jami'a daga abin da ya faru a wajen Amurka, ko a gidan haya da ba ya ƙarƙashin ikonta. To ina amfanin wannan ga yarinyar da aka yi wa fyaɗe a gidan haya ranar Asabar, kuma ranar Litinin za ta zauna aji ɗaya da wanda ya yi mata? Suna kuma tuna wa jama'a abin da rufa-rufa ya jawo. Jami'ar Jihar Michigan ta biya dala miliyan 500 a 2018 ga ɗaruruwan matan da likitanta Larry Nassar ya ci zarafinsu. Jami'ar Kudancin California ta biya sama da dala biliyan ɗaya saboda likitan mata George Tyndall. A duka biyun an sha kai kuka, aka bar kaza cikin gashinta.

Amsar masu adawa

Masu adawa, ciki har da ƙungiyar FIRE mai kare 'yancin faɗin albarkacin baki a jami'o'i, sun ce an karkata maganar. Ƙa'idojin 2020 ba su taɓa cewa sai fyaɗe ya yawaita ba. Fyaɗe, da dukan budurwa ko matar aure, da bibiyar mutum don tsoratarwa, da malamin da ya ce a ba shi kai ya ba da maki, duk sau ɗaya ya isa. Sharaɗin tsanani da yawaita ya shafi sauran nau'o'in ne, waɗanda galibinsu magana ce ta fatar baki, kuma daga hukuncin Kotun Ƙoli na 1999 aka ɗauko shi. Jami'a wurin gardamar ilimi ce. Idan ma'anar tsangwama ta yi faɗin da babu mai sanin iyakarta, malami zai ji tsoron koyar da darasin da ya taɓa aure ko jinsi, ɗalibi kuma zai kama bakinsa. Suna kawo misalin Farfesa Laura Kipnis ta Jami'ar Northwestern, wadda a 2015 aka bincike ta ƙarƙashin wannan doka saboda maƙalar da ta rubuta tana sukar yadda ake aiwatar da dokar. An wanke ta daga baya, amma saƙon ya riga ya isa ga sauran malamai. Game da abin da ya faru a waje kuma, sun ce ƙa'idojin 2020 ba su hana jami'a hukunta ɗalibi da nata dokokin ɗa'a ba, kuma 'yan sanda da kotuna suna nan.

Zaman gaba da gaba: abin da masu goyon baya ke cewa

Nan ne muhawarar ta fi zafi. Ƙa'idojin 2020 sun wajabta wa jami'a ta shirya zama kai tsaye, inda wakilin kowane ɓangare zai yi wa ɗaya ɓangaren da shaidunsa tambayoyin ƙwaƙƙwafi. Na 2024 suka bar wa jami'a zaɓi: tana iya yin zaman, tana kuma iya sa mai yanke hukunci ya gana da kowa shi kaɗai, ya yi masa tambayoyin da ɗaya ɓangaren ya gabatar.

Masu goyon baya sun ce a duba abin da idon ɗaliba 'yar shekara 19. An faɗa mata cewa idan ta shigar da ƙara a rubuce, akwai ranar da za ta zauna gaban kwamiti, lauyan da iyayen saurayin suka ɗauka ya tambaye ta kofi nawa ta sha, me ya sa ta bi shi ɗaki, me ya sa ta aika masa saƙo washegari. Ita kuwa mai yiwuwa wakilinta wani ma'aikaci ne da jami'a ta ba ta, wanda bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Mata da yawa da sun ji haka sai su haɗiye abin su tafi. Kuma jami'a ba ta ɗaure kowa. Iyakarta ta dakatar ko ta kora, kamar yadda take yi wa mai satar jarrabawa ko mai dukan ɗan uwansa. Me ya sa sai ƙarar cin zarafin mata ce za a kafa wa shingen da ba a kafa wa sauran ba? Rinjayen hujja kuma shi ne ma'aunin da kotunan Amurka da kansu ke amfani da shi a ƙararrakin wariya.

Amsar masu adawa

Su kuma suka ce a duba abin da idon saurayin. Yawancin irin waɗannan ƙararraki ba su da shaidar gani da ido. Mutum biyu ne a ɗaki, sau da yawa dukansu sun sha, kuma abin da ake jayayya a kai shi ne ko an yarda ko ba a yarda ba. Idan magana ta zama tata da tasa, da me za a gane mai gaskiya in ba a gwada maganar kowa da tambaya ba? Korar da ake cewa ba ɗauri ba ce, tana bin mutum har ƙarshen rayuwarsa: wata jami'ar ba za ta karɓe shi ba, mai ɗaukar aiki zai ja baya. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne tsarin mai bincike guda, wanda ƙa'idojin 2020 suka haramta, na 2024 suka dawo da shi, inda mutum ɗaya ne ɗan sanda, shi ne mai gabatar da ƙara, shi ne alƙali. Kuma albashinsa daga jami'ar da ke tsoron fushin gwamnati yake fitowa.

Wannan ba kukan masu ra'ayin riƙau ba ne su kaɗai. A Oktoban 2014 malaman shari'a 28 na Jami'ar Harvard, cikinsu har da fitattun masu fafutukar haƙƙin mata irin su Janet Halley da tsohuwar alƙaliya Nancy Gertner, sun fito fili suka ce tsarin jami'arsu ya tauye wa wanda ake zargi haƙƙin kare kai. Ɗaruruwan ɗaliban da aka hukunta sun garzaya kotu bayan 2011, kuma da dama sun yi nasara. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar da ta shafi Jami'ar Michigan, ta ce idan hukunci ya dogara ga wanda za a gaskata, dole jami'ar gwamnati ta ba da damar yin tambayoyin. Suna ƙarawa da cewa ƙa'idojin 2020 ba su jefa mace a bakin kura ba: tana iya neman a raba musu ɗaki a yi zaman ta bidiyo, wanda ake zargi ba ya tambayarta da bakinsa, kuma an taƙaita tono tarihin rayuwarta ta baya.

Ma'anar jinsi: masu goyon baya da masu adawa

Ƙa'idojin 2024 sun ce wariyar jinsi ta haɗa da wariyar da ake nuna wa masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi. Masu goyon baya sun dogara da hukuncin Kotun Ƙoli na 2020 a shari'ar Bostock, inda ta ce korar ma'aikaci saboda haka wariyar jinsi ce. Suka ce abin da aka hana a wurin aiki bai kamata a halatta shi a aji ba, kuma kowane ɗalibi, ko wane ne shi, yana da haƙƙin ya yi karatu ba tare da an tsangwame shi ba.

Jihohin da suka kai ƙara suka ce hukuncin Bostock kan dokar ƙwadago aka yi shi, ba kan dokar ilimi ba. Dokar 1972 da kanta ta yarda a raba wa maza da mata ɗakunan kwana, abin da ke nuna namiji da mace take nufi. Suka ce sabuwar fassarar za ta shafi banɗakuna da ɗakunan sauya kaya, ta kuma tilasta wa malami kiran ɗalibi da abin da ya saɓa wa imaninsa. Canji mai girma irin wannan, a cewarsu, aikin majalisa ne, ba na ma'aikata a ofis ba. Alƙali Reeves ya karɓi wannan hujja.

Mu tankaɗe, mu rairaye

Idan aka zauna da hujjojin nan a natse, abu na farko da ke fitowa shi ne kowane ɓangare ya fi ƙarfi a gaɓa daban. Bala'in Nassar da Tyndall ba ma'aunin hujja ne ya haife shi ba, ba kuma tambayoyin lauya ba. Kukan da aka kai ne aka ƙi saurara. Saboda haka waɗannan misalai suna ƙarfafa masu goyon baya a kan faɗin ƙofar koke, amma ba su ce komai ba a kan yadda za a yi zaman hukunci. Haka nan nasarorin da ɗaliban da aka kora suka samu a kotu suna ƙarfafa masu adawa a kan haɗarin mai bincike guda, amma ba su nuna dalilin da zai sa a juya wa wadda aka cuta a gidan haya baya ba. A ganina, ƙofar shigar da koke da samun taimako ta kamata ta yi faɗi, a sauya wa ɗaliba ɗaki ko aji, a ɗage mata jarrabawa, tun kafin a tabbatar da laifin kowa. Ma'aunin kora kuwa ya kamata ya yi tsauri, kuma wanda ya bincika kada ya zama shi ne mai hukunci. Babu kundi ɗaya cikin biyun da ya haɗa duka.

Abu na biyu, rigimar sauya jinsi ce ta fi jawo rushewar kundin 2024, amma da ya faɗi ya tafi da abubuwan da ba a cika jayayya a kansu ba. Ciki akwai tanadin da aka fayyace wa ɗaliba mai juna biyu, da wajabta wa makaranta ta samar da tsaftataccen wurin shayarwa wanda ba banɗaki ba. Ko a Kotun Ƙoli, a Agustan 2024, alƙalai huɗu cikin tara sun so a bar irin waɗannan sassa su fara aiki a jihohin da suka kai ƙara, biyar suka ƙi.

Abu na uku shi ne wahalar bin ƙa'idar kanta. Kundin 2020 ya haura shafi 2,000, aka ba jami'o'i kimanin kwana 100 su aiwatar da shi, a tsakiyar annobar korona. Na 2024 ya haura shafi 1,500, shi ma kusan wa'adin ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Babbar jami'a mai tarin lauyoyi za ta iya, amma ƙaramar kwaleji da mutum ɗaya ke riƙe da ofis uku fa? Kuɗin da ya kamata ya tafi ga masu ba da shawara da wayar da kan sababbin ɗalibai sai ya ƙare a sake rubuta takardu. Ga shi a Maris na 2025 an rufe bakwai daga cikin rassa 12 na ofishin da ke sa ido kan dokar a Ma'aikatar Ilimi. Muddin majalisar dokoki ba ta zauna ta rubuta tsarin a cikin doka ba, duk zaɓen shugaban ƙasa zai zo da sabon kundi.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. Ɗaliban Najeriya sama da 20,000 ne suka yi karatu a Amurka a zangon 2023 zuwa 2024, kuma ga baƙo, kora daga jami'a tana nufin rasa bizarsa, kamar yadda tsoron tonon asiri a gida ke iya rufe bakin baƙuwar da aka cuta. A nan gida ma, bayan binciken da BBC ta fitar a 2019 kan malaman da ke neman ɗalibai da lalata a jami'o'in Legas da Ghana, Majalisar Dattawan Najeriya ta amince da ƙudirin hana hakan a 2020, kuma tambayoyin da suka taso su ne dai waɗannan: wa zai bincika, da wane ma'auni, wa zai kare mai ƙara, wa zai kare wanda aka yi wa ƙazafi.

Akwai gaɓar da har yanzu ban iya yanke mata hukunci ba, ita ce ta tambayoyin titsiye. Kotunan Amurka ma ba su haɗu a kanta ba, domin a 2019 wata kotun ɗaukaka ƙarar, a shari'ar Jami'ar Massachusetts, ta ce ya wadatar kwamiti mai adalci ya yi tambayoyin da kansa. Idan na tuna ɗalibar da ke murza igiyar jakarta, sai in ji bai kamata a sa ta gaban lauya ba. Idan na tuna saurayin da takarda za ta iske gobe, wanda mai yiwuwa ya aikata, mai yiwuwa bai aikata ba, sai in ji bai kamata a kore shi ba tare da an gwada maganar da za ta kore shi ba. Duk mai 'ya mace a jami'a ya san wanne zai zaɓa, duk mai ɗa namiji ma ya sani. Mai karatu da Allah ya ba shi duka biyun, shi ya fi cancanta ya faɗa mana inda ya kamata a tsaya.